Wane Ne Baƙo A Nijeriya?

Jama'a, ku zo ku ji abin mamaki. An haifi mutum a gari, an haifi ubansa a nan, kabarin kakansa yana bayan gari, kowace shekara yana biyan haraji. Ranar da ɗansa ya nemi shiga jami'a ko aikin Gwamnati, sai a ce ya kawo takardar shaidar ɗan asali. In ya je ofishin ƙaramar hukuma, sai a dubi sunansa a ce masa, tafi garinku. Wane gari? Garin da bai taɓa gani ba!

Wannan cuta ba ta bar kowa ba. Ta kama Bahaushen Jos wanda kakansa ya zo haƙar kuza, ta kama Ibo na Sabon Garin Kano, ta kama Tibi na Wukari. An zubar da jini a kanta a Zangon Kataf cikin 1992, da Jos cikin 2001 da 2008. 'Ya'yan talakawa aka binne, ba 'ya'yan manya ba.

Tun 1957 Turawa suka kafa Hukumar Willink don ta ji tsoron da ƙananan ƙabilu su ke yi na danniyar manya. Tsoron nan gaskiya ne, ba mu musa ba. To, amma wane magani aka yi? Aka yi ta yanka ƙasa: jihohi 12 cikin 1967, har suka kai 36 cikin 1996, ga ƙananan hukumomi 774. Duk iyakar da aka shata sai ta haifi sababbin baƙi, wanda aka danne jiya ya sami wanda zai danne yau.

Ku dubi Tsarin Mulkin 1999. Sashe na 42 ya hana a bambanta ɗan ƙasa saboda ƙabilarsa ko asalinsa. Sashe na 147 kuwa ya ce a ɗauko minista daga kowace jiha, amma lalle ya zama ɗan asalinta. Watau an ba mu da hannun dama, an karɓe da na hagu.

Mu dai abin da mu ke nema a fili ya ke. Duk wanda aka haifa a wuri, ko ya shekara 10 yana zaune yana biyan haraji, ɗan gari ne. A ba ɗansa makaranta da aiki kamar kowa.

Kai kuma da ka ke taƙama da takardarka yau, tuna jikanka yana iya tashi a wata jiha. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.