Ɗan'uwa Rabin Jiki: Abin da Labarin Tagwayen Mallard Yake Faɗa Mana

Hausawa suna cewa ɗan'uwa rabin jiki ne. Wannan magana ce ta yi ta dawo mini a rai sa'ad da nake karanta ƙagaggen labarin wata marubuciya Ba'amurkiya baƙar fata, Brit Bennett, wanda ya fito a shekarar 2020 da sunan The Vanishing Half, wato "Rabin da Ya Ɓace". Labari ne na ƴan mata tagwaye masu kama ɗaya kamar an tsaga kara, waɗanda zancen launin fata ya raba, alhali launin nasu iri ɗaya ne. A ganina ya kamata iyaye mata da marubutanmu su yi wa littafin nan karatun natsuwa, domin ciwon da ya taɓo yana nan a gidajenmu, ko da yake da wata kama ya zo mana.

An haifi Desiree da Stella Vignes a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Mallard, a jihar Luwiziyana ta kudancin Amurka. Marubuciyar ce ta ƙirƙiro garin, ta ce ko a taswira ba a samun sa. Wanda ya kafa shi a 1848 ruwa biyu ne, ubansa Bature mai gandu, uwarsa baiwa. Ya san Turawa ba za su karɓe shi ba, shi kuma bai yarda a lissafa shi cikin baƙaƙe ba, sai ya kafa gari domin irinsa. Zuriyarsa suka riƙa auren masu haske, kowa yana fatan ƴaƴansa su fi shi fari, har aka kai lokacin da baƙo zai shiga garin ya zaci Turawa ne.

Hasken nan bai kare su daga komai ba. Tagwayen suna ƙanana wasu Turawa suka shigo gida suka ja ubansu waje a kan idonsu. Da ya tsira da raunuka, suka bi shi asibiti suka ƙarasa shi. Da suka kai shekara 16, uwarsu ta cire su daga makaranta domin su yi aikatau a gidan wasu Turawa. A 1954 suka sulale da dare suka gudu birnin New Orleans. A can Stella ta nemi aikin sakatariya, irin wanda ba a ba baƙar mace. Aka ɗauka Baturiya ce, ta yi shiru. Daga wannan shiru ta gina sabuwar rayuwa: ta bi maigidanta na ofis, ta aure shi, ta ɓace ba tare da ta gaya wa ƴar'uwarta inda ta nufa ba. Desiree kuwa ta auri baƙin mutum sosai, auren ya zo da duka, a 1968 ta dawo Mallard riƙe da hannun ƴarta Jude, yarinya baƙa wulik.

Mai karatu zai iya tambaya: ta yaya mace fara tas za ta zama "baƙa"? Amsar tana cikin tarihin ƙasar. A kudancin Amurka an daɗe ana aiki da ƙa'idar cewa wanda yake da ɗigon jinin Afirka baƙi ne, ko yaya fatarsa take. A 1892 an kama wani mutumin New Orleans, Homer Plessy, saboda ya zauna a taragon jirgin ƙasa na Turawa, alhali kashi ɗaya cikin takwas ne na jininsa ya fito daga Afirka. A 1896 Kotun Ƙoli ta ce raba jinsunan bai saɓa wa tsarin mulki ba. Aure tsakanin fari da baƙi haramun ne a dokar Luwiziyana har 1967. A 1970 ma jihar ta yi dokar da ta sa ma'aunin a kashi ɗaya cikin 32, ba a soke ta ba sai 1983. Saboda haka abin da Stella ta tsallake iyaka ce ta gaske, mai yanke inda mutum zai zauna, da aikin da zai samu, da wanda zai aura.

Amma ƙarfin littafin ba ya tsaya ga zaluncin Turawa. Wahalar da Jude ta sha a Mallard daga hannun mutanen da doka take kira baƙaƙe ta sha ta. Yara suna yi mata laƙabi a makaranta, manya suna mamakin yadda Desiree ta haifo irin wannan. Mutanen da aka tura ƙasan tsani sun sassaƙa nasu ƙaramin tsanin domin su ma su sami wanda za su taka. Stella kuma, can a unguwar masu hali a jihar Kalifoniya, ita ce ta miƙe a taron maƙwabta ta ce ba ta yarda wani iyali baƙar fata su tare a unguwar ba. Tsoro ne ya sa ta, domin ta san baƙi ya fi kowa iya gane nasa. Ta sami gida da miji da kwanciyar hankalin aljihu, ta biya da uwarta da ƴar'uwarta, ta kuma rene ƴarta Kennedy a kan ƙarya. Marubuciyar ba ta tsine mata ba, ni ma ba zan yi ba. Wanda bai ga an ja ubansa a ƙasa ba, ya yi hankali wajen yanke wa wadda ta gani hukunci.

To, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yana da sauƙi mu karanta wannan mu ce halin Amurka ke nan. Mu fa? Ƙasashenmu mahaɗar jama'a ce tun zamanin ayari. A Agadas da Tawa da Damagaram, a zangunan Kumasi da Accra, a Njamena da garuruwan Sudan, Bahaushe ya yi auratayya da Buzu da Bafulatani da Balarabe da Babarbare da sauransu. Shi ya sa za ka shiga gida ɗaya ka tarar da ƴan mata uwa ɗaya uba ɗaya, wannan fara, wannan wankan tarwaɗa, wannan baƙa. Kowa ya san abin da yake faruwa idan baƙi suka zo gaisuwa: wadda ake fara yabo, wadda ake ce wa ta yi kama da Larabawa, da wadda ake tambaya cikin raha ko ita a ina aka tsinto ta. Har kirari muke da shi, wai farar mace alkyabbar mata. Yarinyar da ke tsaye a bakin ƙofa tana ji, kuma ba ta mantawa. Ita ma mai hasken ba ta tsira ba, domin a wani wurin ita ake ce wa ba cikakkiyar Bahaushiya ba ce, a tuna mata da asalin uwarta duk ranar da aka yi faɗa.

Littattafan soyayyarmu, waɗanda ƴan mata suke karantawa a waya dare da rana, sun ƙara wa abin gishiri. Sau nawa aka buɗe labari da jaruma fara sol, mai dogon hanci da gashi har gadon baya, kamar Balarabiya ko Ba'indiya? Sau nawa kuma baƙar ta zama ƴar aiki, ko kishiya mai mugunta, ko abin dariya? Sakamakon yana kan teburan masu sayar da man shafawa a kasuwanninmu. Ƙasar Kodebuwa ta hana man bilicin a 2015, Ghana ta hana masu sinadarin haidrokwinon a 2016, amma doka ba ta iya cire abin da aka dasa wa yarinya a zuciya tun tana shekara biyar.

Na san za a ce kwatancen ya yi nisa, namu sha'awa ce kawai, ba mu da dokar raba tarago, ba a kashe mutum don launinsa. Gaskiya ne, kuma bambancin babba ne. Sai dai a cikin Mallard ma ba doka ce ta ware Jude ba. Maganar tsofaffi ce a bakin ƙofa, da zaɓin wanda za a aura, da tsokanar yara. Irin waɗannan muna da su. Kuma mu da da yawanmu muka san zafin a kira mutum baƙo a garin da aka haifi kakansa, bai kamata mu zama masu kafa wa junanmu wani ma'aunin ba.

Ba don ƙananan yara aka rubuta littafin ba, kuma akwai al'amuran rayuwar can da ba su dace da tarbiyyarmu ba, don haka uwa ko malama ta fara karantawa kafin ta miƙa. Abin da na fi so shi ne mu rubuta namu. Marubutanmu mata suna da basirar da za su ba mu labarin ƴan'uwa biyu a Maraɗi ko a wani zango, ɗaya fara ɗaya baƙa, inda baƙar take da kyau da hankali ba tare da an wanke ta a babi na ƙarshe ba, farar kuma take da nata ciwon da ba a gani. Kafin wannan littafi ya fito, akwai abin da yake hannun kowa. Idan ka shiga gidan da ke da ƴan mata, ka lura da wadda bakinka ya fara yabo, da abin da ka yabe ta a kai, domin ƴar'uwarta tana nan kusa tana saurare.