Da Fim Ya Buɗe Baki, Sai Aka Tambaye Shi Harshensa

Akan ba da labarin shigowar sauti cikin fim kamar nasarar na'ura ce kawai. Amma babban abin da ya sauya bayan da kamfanin Warner Bros. ya saki The Jazz Singer a watan Oktoban 1927 shi ne matsayin harshe a kasuwar fina-finai.

Fim marar magana ba shi da ƙasa. Don a kai shi Faransa ko Masar, abin da ake buƙata kawai shi ne a canza 'yan rubuce-rubucen da ke bayyana tsakanin fitowa da fitowa. Da 'yan wasa suka fara magana, wannan sauƙi ya ƙare, domin Turanci bai wuce surutu ba a kunnen wanda ba ya jin sa.

Dabarar farko da kamfanonin Hollywood suka yi ita ce ɗaukar labari guda sau da yawa, kowane da harshensa. A 1930 Paramount ya buɗe ɗakunan ɗaukar fim a Joinville, kusa da Paris, musamman don wannan aiki. Universal kuwa ya fitar da Dracula iri biyu a 1931: masu Turanci su yi aiki da rana, masu Sifaniyanci su karɓi dandalin da dare. Tsadar ta yi yawa, ga tattalin arzikin duniya ya karye. Cikin 'yan shekaru aka koma ɗora murya da rubuta fassara a ƙasan hoto.

Katangar da ta wahalar da Hollywood ta zama inuwa ga wasu. Indiya ta fitar da Alam Ara a 1931, cike da waƙoƙi, kuma daga nan waƙa ta zauna daram a fim ɗinta. A Masar, Talaat Harb ya kafa Studio Misr a 1935, fina-finan Alƙahira suka yaɗa karin Larabcinta a ƙasashen Larabawa. Amurka ta ci gaba da rinjaye da ƙarfin jari, sai dai ba ta iya sayen abin da ɗan kallo ke ji idan aka yi masa magana da harshen uwarsa.

Don haka duk masana'antar da ke kallon harshenta a matsayin cikas ta juya lissafi. Kyamara da na'urar sauti ana sayo su daga ko'ina. Harshe da masu jin sa ne jarin da babu mai shigo da shi daga waje.