Fita wasan bolin da yara: Abin da ke cikin faranti ya fi ƙwallon nauyi

 

Ranar Asabar da ta wuce wasu ƙawayena biyu suka ja ni zuwa wani katafaren rukunin shaguna a nan Legas. Ɗiyar ɗaya daga cikinsu ce ta cika shekara goma, ta ce ita ba ta son taro a gida, wasan bolin take so. Muka ɗebi yara bakwai, mu uku manya, muka tafi. Na san da yawanku da ke Abuja, Legas ko Fatakwal yaranku sun riga sun fara yi muku wannan naci, don haka bari in ba ku labarin abin da na gano, tun kafin ku kai kanku.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan ba shi da wuyar fahimta. Wata doguwar hanya ce mai santsi, tsawonta ƙafa 60, an jera wasu 'yan sanduna goma masu siffar kwalba a ƙarshenta. Kai kuma sai ka ɗauki ƙwallo mai nauyi mai huda uku, ka zura yatsu, ka gangara shi ya je ya zubar da su. Zagaye goma ake yi a kowane wasa, mafi yawan makin da mutum zai iya samu kuwa 300 ne. Ni dai 61 na samu, yarinya 'yar shekara takwas ta wuce ni, har yanzu ana yi mini dariya.

Wasan kansa ban ga aibunsa ba. An yi raha, yara sun ajiye waya har na tsawon awa biyu, wanda a wannan zamani ba ƙaramin abu ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne teburin da ke bayan kujerun 'yan wasa. Muna zama aka miƙo mana takardar jerin abinci: boga mai nama hawa biyu da cuku yana narkewa, hotdog, fukafukan kaza da aka dulmiya a miya mai zaƙi, soyayyen dankali, soyayyar albasa, fanke da zuma, sai kuma milkshek, wato madara da askirim da aka markaɗa a dogon kofi.

Wannan salon abinci daga Amurka ya taso, daga irin ƙananan gidajen abincin da suke kira daina. Kada ku ɗauka dainar Hausa ce, domin wanda ya fara ci da wuya ya daina. Tarihinsu ana danganta shi da wani mutum mai suna Walter Scott, wanda a 1872 ya fara sayar da abinci da dare a cikin keken doki a birnin Providence, ga ma'aikatan gidan jarida da sauran masu aikin dare. Daga baya aka riƙa ƙera irin waɗannan wurare da siffar taragon jirgin ƙasa, ana ajiye su a bakin hanya da kusa da masana'antu. Kun ga ke nan asalinsa abincin leburori da direbobi ne, kamar dai mai shayi da mai tsire a wajenmu: mai maiƙo, mai arha, mai riƙe ciki, ga mutumin da zai koma ya yi aikin ƙarfi. Mu kuwa a mota muka zo, a cikin sanyin na'ura muka zauna, a mota kuma za mu koma mu kwanta.

Ɗaya daga cikin ƙawayen nawa tana da hawan jini, shekara huɗu ke nan tana shan magani. Da na ga ta nemi boga da dankali da milkshek sai na ce, "Ke Hajiya, likitanki ya san da wannan?" Ta ce, "Haba 'yar uwa, ai motsa jiki muka zo yi, duk zai ƙone."

To bari mu yi lissafi, domin wannan magana na sha jin ta. A wasa ɗaya, mafi yawan jifan da mutum zai yi 21 ne. Idan ku shida ne a hanya ɗaya, wasan zai ci kusan awa guda. Wato a cikin awa ɗaya kin tashi sau goma, kin yi taku huɗu ko biyar, kin gangara ƙwallo, kin dawo kin zauna. Sauran lokacin hira ce da tsinkar dankali. Shi kuwa babban boga da dankalinsa da milkshek, idan aka haɗa su, suna iya haura kalori 1,500, alhali abin da mace baliga take buƙata a yini guda wajen 2,000 ne. Sharar tsakar gida da wankin kayan yara sun fi wannan wasa sa mutum gumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, yaro kuma awa ɗaya kullum. Bolin zai iya shiga cikin lissafin, amma ɗan kaɗan.

Abin da ya fi damuna ga Hajiya ma gishiri ne. Hukumar ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin dunƙulen magi da burodi da komai da komai. Matsalar boga ita ce gishirinsa ba a wuri ɗaya yake ba, shi ya sa harshe ba ya kama shi. Akwai a burodin, akwai a naman, cukun nan mai launin ruwan ɗorawa cike yake da shi, haka kokwambar da aka jiƙa, haka kecap da mayonis. Sannan a zo a barbaɗa wa dankali nasa. Kafin ki tashi daga teburin kin cinye rabon yini ko kusa da haka, ga kuma miyar dare tana jiranki a gida. Gishiri yana sa jiki ya riƙe ruwa, ruwan ya ƙara yawan jinin da zuciya ke turawa, bugun ya hau. Washegari Hajiya ta kira ni tana cewa zobenta ya ƙi fita daga yatsa. Ban ce mata komai ba, ita ma ta san dalili.

Gishirin nan kuma shi ke jawo ƙishirwa, ƙishirwa ta jawo lemon kwalba. Kwalba ɗaya ta santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi tara. Iyakar da aka shata wa baligi a yini ita ce wajen cokali 12, an ma ce in ya tsaya a shida ya fi. Yaro nasa bai kai haka ba. Na zuba ido na ga wani yaro a cikinmu ya sha kwalba biyu, ya ɗora da milkshek, ya kuma ci kek ɗin biki. A 2022 gwamnati ta fara karɓar harajin Naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha, amma wane yaro ne Naira 10 za ta hana? Wannan aikin uwa ne da uba.

Sai batun hannu, wanda ni shi ya fi tsaya mini a rai. Ku tsaya ku kalli yadda abin ke gudana. Yaro ya zura yatsu uku a hudar ƙwallon da mutane da yawa suka zura nasu tun safe, mai mura da wanda ya fito bayi bai wanke hannu ba. Ya jefa, ya dawo da gudu, ya ɗebi dankali da waɗannan yatsun, ya lashe kecap, ya koma ya sake zurawa. Kusan duk abincin da ake sayarwa a wurin da hannu ake cin sa. A gida ba za ki bari yaro ya taɓa tuwo bai wanke hannu ba, amma a can kiɗa da fitilu sun ɗauke wa kowa hankali. Maganin wannan mai sauƙi ne: a raba wasa da ci. A gama wasa, a miƙa takalma, kowa ya je ya wanke hannu da sabulu, sannan a zauna a ci. In yara sun matsa sai sun taɓa wani abu a tsakiyar wasa, a nema musu cokali mai yatsu. Wani amfanin kuma, abincin da aka zauna aka fuskance shi an fi sanin adadin da aka ci, ba kamar wanda ake tsinka ana kallon allo ba.

Idan boga ya zo, uwargida, yanka shi biyu ki duba tsakiya kafin ki miƙa wa yaro. Tsokar nama guda, kamar ta tsire ko balangu, ƙwayoyin cuta a bayanta suke zama, wuta na taɓa su sun mutu. Niƙaƙƙen nama kuwa an cuɗa baya da ciki, don haka dole zafi ya ratsa har tsakiya, ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyas. A 1993 a Amurka, boga da bai gasu ba ya kwantar da mutane sama da 700, yara huɗu suka rasu, sanadiyyar wata ƙwayar cuta da ake kira E. coli wadda ke iya lalata ƙodar yaro. In kin ga ja ko ruwan hoda a ciki, ki mayar a ƙara gasawa. Kuɗinki kika biya, babu kunya a ciki.

Hotdog kuma yana da nasa haɗarin ga ƙananan yara. Kaurinsa daidai yake da maƙogwaron yaro ɗan ƙasa da shekara huɗu, ga santsi, in ya maƙale sai ya toshe hanyar numfashi ruf. A tsaga shi a tsaye, sannan a yayyanka ƙanana, kuma yaro ya ci a zaune. Ga manya, sosej da danginsa na naman da aka sarrafa, tun 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin abubuwan da ke haddasa dajin hanji. Maganar ta shafi mai ci kullum ne, ba wanda ya ci sau ɗaya a biki ba, amma iyayen da suka mayar da sosej abin karin kumallon 'yan makaranta su yi tunani.

Wata tambaya da yara suka yi mini: wai hambaga naman alade ne, tunda akwai "ham" a sunan? A'a, sunan daga birnin Hamburg na Jamus ya samo asali, naman shanu ne. Inda ake buƙatar lura shi ne bekon, wanda asalinsa naman alade ne, da feferoni da ake sa wa fiza, da wasu nau'o'in sosej. Wurare da dama a nan suna amfani da na shanu, kaza ko talotalo, amma ba duka ba, musamman a Kudu. Ku tambaya, ku kuma tambaya ko a kan faranti ɗaya ake gasa komai. Wasu miyoyin fukafukan kaza da ƙullun soyayyar albasa akan sa musu giya a girkin Amurkawa, wannan ma a tambaya. Ma'aikacin da muka samu bai sani ba, sai da ya shiga ya kira mai dafawa. Maigida, wannan tambayar ta fi dacewa da kai, kada ka bar wa uwargida ita kaɗai.

Game da wasan kansa, ga 'yan abubuwa da ba wanda ya gaya mana. Ku tafi da safa, domin takalman haya ake sawa, ƙafafu da yawa sun shige su, kuma ta nan ake kwasar ƙaiƙayin tsakanin yatsu. Mai ciwon sukari da ke da rauni a ƙafa gara ya zauna ya yi tafi. Lambar da ke jikin ƙwallo nauyinsa ce a ma'aunin fam, daga 6 zuwa 16, na 16 ɗin ya ɗan haura kilo bakwai. Ƙa'idar da 'yan wasa ke bi ita ce kada ƙwallo ya wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin mai jifa, don haka yaro mai kilo 30 ya tsaya a kan lamba 6. Mai ciwon baya, mai gwaiwa, da mai tsohon ciki su haƙura. A cire zobe, a tattare dogon mayafi da bakin abaya. Kada yaro ya ƙetare layin jifa, domin mai ake shafa wa hanyar, yana takawa zai sha ƙasa. Kada kuma ya sa hannu a bakin injin da ke dawo da ƙwallaye, nan ne ake matse yatsa. Wurin ba shi da taga, mu sai da muka fito muka ga Magariba ta wuce, saboda haka ku saita ƙararrawar waya.

Ba zan ce muku kada ku je ba, ni ma na yi wa yara alkawarin komawa a hutun ƙarshen zango. Sai dai wannan karon za mu ci abincin rana a gida kafin mu fita, ko da ɗan wake ne, domin wanda ya shiga wurin da yunwa ido ke yi masa oda. Boga ɗaya za a raba wa yara biyu, dankali babba ɗaya a tsakiyar tebur, kowa da gorar ruwa, milkshek kuma ɗaya tal da ƙananan kofuna. Da na duba takardar kuɗinmu ta ranar, abincin ya ninka kuɗin wasan, don haka aljihun maigida ma zai sarara. Hajiya ta ce ita gasasshiyar kaza za ta nema ba miya, ta kuma ce sai ta rama cin da yarinyar nan ta yi mana.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.