RA'AYINMU: A Riƙa Auna Ƙarfin Gwiwar Majiyyaci

Duk wanda ya taɓa kai marar lafiya asibiti, a nan Dutse ne ko Birnin Kudu ko Jahun, ya san yadda ake farawa: a auna zafin jiki, a gwada jini, a ɗora mutum bisa sikeli, a rubuta a kati. Wannan duk daidai ne. Amma akwai wani abu da katin ba ya nunawa, wato ko majiyyacin ya yarda a ransa cewa zai iya ɗaukar ɗawainiyar ciwonsa bayan an sallame shi.

Wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce. Mai tarin fuka sai ya yi wata 6 yana shan magani ba fashi. Mai ciwon sukari zai kiyaye cimarsa muddin ransa. Matar da aka yi wa aikin yoyon fitsari a Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008, za ta koma ƙauye da sharuɗɗa masu nauyi, har da cewa haihuwarta ta gaba a asibiti za ta yi. Likita ba zai bi kowa gida ba. Wanda ya karaya tun a bakin ƙofa shi ne zai fara ajiye magani.

Masana sun daɗe da gane haka. A 1977 Albert Bandura na Jami'ar Stanford ta Amurka ya bayyana cewa yardar mutum da iyawarsa ita ke sa ya fara abu mai wuya, ya kuma jure a kansa. Daga baya Jamusawa biyu, Ralf Schwarzer da Matthias Jerusalem, suka tsara ma'auni mai tambayoyi 10, kowace da maki 1 zuwa 4. Wanda makinsa ya yi ƙasa, an san yana bukatar ƙarin bayani da bibiya.

To, amma fa a yi hattara. Ma'aunin da aka tsara a Turai ba a ɗauko shi a juye da Hausa haka kawai. Dattijon da aka tambaya ko zai iya, ya amsa da "in Allah ya yarda", ba shakku yake nunawa ba, tarbiyyarsa ke nan. Matar da ta sunkuyar da kai ta ce "to", wataƙila kunyar likita ce ta hana ta musu. Da yawa kuma ba su karanta boko, sai an yi musu tambayar da baki. In ba a lura da waɗannan ba, ladabin mutane za a auna, a zaci ƙarfin gwiwarsu ne.

Don haka muna kira ga malamanmu na Jami'ar Tarayya ta Dutse da likitocin Asibitin Rasheed Shekoni da su haɗa kai da masana harshe, su tsara ma'aunin da Hausar mutanenmu, su jarraba shi a kan majiyyata kafin a dogara da shi. Mu ɗalibai kuma a shirye muke mu shiga ɗakunan jinya mu taya wannan aiki, domin iyayenmu ne kwance a gadajen. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.