Waiwaye: Daga Mpape zuwa rijiyoyin Laranto

A farkon Satumban 2018 ƙasa ta yi ta motsi a Mpape, cikin Abuja, har mutane suka riƙa fita daga ɗakunansu da dare. Kafin nan, a Satumban 2016, Kwoi ta kudancin Kaduna ta ga irin wannan. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa kan girgizar Mpape ya ja hankali ga wani abu da ba a kawo a ka ba: rijiyoyin burtsatse kusan 110,000 a Abuja, suna zuƙe tan 330,000 na ruwa kullum. Masana ba su haɗu a kan cewa burtsatse ce ta jawo girgizar ba, wasu sun fi ɗora laifin a kan tsohuwar tsagar da ke cikin dutse da kuma fasa duwatsu da nakiya. Amma dai sai da ƙasa ta motsa aka tuna da ƙidayar rijiyoyi.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tallafe nauyin abin da ke bisansa. Inda ƙasar yumɓu ce, in aka janye shi sai ta matse ta lotsa, kuma ko damina ta dawo ba ta komawa yadda take. Haka wani yanki na kwarin San Joaquin a Amurka ya nutse kusan mita 9 tsakanin 1925 da 1977. Inda kuwa akwai tsagar da tun asali a ɗane take, rage nauyin ruwa na iya zama tsokana. A Lorca ta ƙasar Sifen, ruwa ya ja baya da kimanin mita 250 tun daga 1960, sai girgizar 11 ga Mayu 2011 ta kashe mutum 9, wani bincike na 2012 kuma ya danganta abubuwan biyu.

To, ina unguwarmu Laranto ta Jos a ciki? Jos a kan dutse take zaune, saboda haka ban ga dalilin tsorata mutane da cewa unguwa za ta nutse ba. Matsalarmu daban ce. Ruwan da muke haƙowa yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutse da 'yan tsage-tsage, ba shi da yawa, kuma na kowa ne ko da katanga ta raba gidaje. Motar haƙa za ta kutsa lungu, ta yini tana tayar da farar ƙura, mai gida ya sa tanki, ana yi masa barka. Watan Maris na kamawa, maƙwabcinsa ya zura guga ya jawo taɓo. Sai a kira masu yasar rijiya, in ba ta yi ba a koma jiran 'yan garuwa da kurarsu ta jarkoki, kuɗi na hawa.

Mu da muka gaji kududdufan kuza tun haƙar Turawa ta farkon ƙarni na 20, muke kuma jin yadda ramukan loto na haƙar kuza ke ruftawa da matasa, bai kamata a koya mana cewa ƙarƙashin ƙasa na da lissafi ba. Cibiyar da ke auna motsin ƙasa tana nan kusa da mu a Toro, jihar Bauchi. Wannan aikin masana ne. Namu bai wuce littafi guda a hannun mai unguwa ba: gidan da aka haƙa burtsatse, zurfinta, shekarar haƙa ta, da watan da rijiyar maƙwabta ta ƙafe.