Wa'adin shekara 99 a kan takardar gida: wa zai sabunta, kuma da nawa?

Ɗan kasuwar da ke da rumfa a Babbar Kasuwar Katsina, da zarar jarinsa ya kauri, yakan fara da sayen gida, ko a GRA ko a rukunin gidaje irin na Barhim da Goruba. Ma'aikacin gwamnati ma a nan yake zuba kuɗin sallamarsa. Dukkansu suna ɗauka sun bar wa 'ya'ya da jikoki abin gado na har abada. Takardar shaidar mallaka da ke ajiye a akwatinsu kuwa wa'adi ta yanka, galibi shekara 99, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da aka ba mutumin farko filin. Wanda ya sayi gidan da takardarsa ta fito a 1980, ragowar shekarun kawai ya saya, wato zuwa 2079.

Tushen lamarin shi ne Dokar Amfani da Filaye, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a watan Maris na 1978. Sashe na 1 ya danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, sashe na 8 kuma ya ce izinin zama da gwamna zai bayar na ƙayyadadden lokaci ne. A Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin tun 1910 Turawan mulkin mallaka suka mai da ƙasa ƙarƙashin ikon gwamna, Dokar Filaye ta 1962 kuma ta ɗora a kai. Abin da dokar 1978 ta yi shiru a kansa shi ne ranar da wa'adi ya cika. Ba ta ba mai gida haƙƙin sabuntawa kai tsaye ba, ba ta faɗi kuɗin da zai biya ba. Al'amarin ya rage ga gwamnan da zamani ya kawo. Gyara dokar kuwa sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki, tunda sashe na 315 na kundin 1999 ya ba ta kariya.

Mai karatu zai iya cewa 2077 da nisa. Banki ba ya cewa haka. Ɗan kasuwar da ya kai takardar gidansa jingina don ya ƙaro kaya, ko don ya farfaɗo bayan asara irin ta gobarar da ta ci wani ɓangare na Babbar Kasuwa a Maris na 2021, ragowar wa'adin na cikin abin da za a auna. Ga kuma sashe na 22, wanda ya hana sayarwa ko jinginarwa ba da yardar gwamna ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, cewa sharaɗin ya hau har kan waɗanda suka riƙe filayensu tun kafin 1978. Cinikin da aka ƙulla da shaidu da sa hannun mai unguwa kaɗai, kamar yadda aka saba a cikin birni, yana da rauni a gaban wannan hukunci.

Ingila ta riga ta ɗanɗana irin wannan matsala. Masu gidaje a benaye sun ga darajar dukiyarsu tana zubewa da zarar ragowar wa'adi ta gaza shekara 80, kuɗin tsawaitawa kuma yana tashi. Dokar 1993 ta ba su haƙƙin ƙarin shekara 90, sannan a 2024 majalisa ta zartar da wata da ta tanadi shekara 990. Abin lura shi ne a can haƙƙi ne rubutacce, da hanyar lissafin kuɗi da kotun da za a kai ƙara. A nan alfarma ce ake nema.

Akwai ma barazanar da ta fi cikar wa'adi kusa, ita ce kuɗin ƙasa na shekara-shekara, wanda mutane da yawa ba su san ana binsu ba. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke takarda idan aka saɓa sharuɗɗanta. A Maris na 2025 Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya soke takardu 4,794 saboda bashin da ya haura shekara goma. Jihohi na neman kuɗin shiga ruwa a jallo, kuma sanya bayanan filaye a kwamfuta, aikin da aka ɗora wa hukumar KATGIS a Katsina, zai sa gano masu bashi ya zama aikin minti kaɗan.

Tunda gwamna ne ke ba da izinin, gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa na iya fitar da ƙa'ida a rubuce ba tare da jiran Abuja ba: yaushe mai gida zai nemi sabuntawa, nawa zai biya, kuma me ya rage wa magada idan wa'adi ya cika gida yana tsaye. Kafin nan, mai shirin sayen gida ya duba shekarar da ke kan takarda, ya nemi rasidin kuɗin ƙasa na ƙarshe, sannan ya yi tayi.