Martani: Kafanchan Ba Tasha Ba Ce Kawai

Malam, na karanta sharhinka na barkwanci, inda ka ce Kafanchan ta mutu tun da jirgin ƙasa ya daina zuwa, wai sai tsatsa ta rage. Wasa ne ka yi, na sani, amma wasan ya wuce gona da iri.

Gaskiya ne, tun 1927 layin dogo ya ɗaga garin, ya zama mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos. Gaskiya ne kuma ciyawa ta rufe ƙarafunan. To amma dogo ne ke noma mana citta? Ka shigo kasuwa da kaka ka gani. Mata a zaune suna tsaga citta da ƙananan wuƙaƙe, an baza ta a rana, ƙamshinta na hawa kai, 'yan dako na loda buhuna a manyan motoci. Ko a 2023, da annoba ta cinye gonakin citta a yankinmu, daga Kachia zuwa Jaba, manoma sun yi kuka, sun yi asara mai yawa, amma ba su ajiye fartanya ba. Wannan ai ba abin dariya ba ne.

Ranar 1 ga Janairu kuwa maƙwabciyarmu Kagoro ba ta da masaka tsinke saboda bikin Afan.

Barkwanci ba laifi ba ne, Malam, mu ma muna yi. Laifin shi ne ka tsaya a bakin tasha ka yanke wa gari guda hukunci. Ka dawo, ka shiga cikin gari, sannan ka sake rubutawa.